Batir ba ya mutuwa, kashe shi ake yi

Tun daga watan Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur janareta ya koma kayan ado a gidaje da dama, wata magana ta zama ruwan dare a Sakkwato: wai baturan yanzu ba su da ƙarko. Ana jin ta a ofisoshi da shagunan magani da makarantun kuɗi na kan Sama Road, ana jin ta a gidajen da ke bayansu, kuma ba daga bakin jahilai take fitowa ba. Likita yana faɗinta, lauya yana faɗinta, malamin jami'a ma yana faɗinta yana girgiza kai kamar wanda ya kammala bincike. Labarin da ke biye da ita kusan guda ne ko'ina. Gida yana da inbata mai bolt 24 da batura biyu. Kaya suka ƙaru, aka kawo firiza, aka kawo injin tura ruwa sama, sai mai haɗa sola ya ba da shawarar a ɗaga tsarin zuwa bolt 48. Aka biya kuɗin da ya lashe albashin watanni. Shekara ta zagayo, ko ta ɗan gota, sai ga fanka tana tsayawa da ƙarfe biyun dare a tsakiyar watan Afrilu. Daga nan sai a zagi Sin, a zagi Indiya, a zagi ɗan kasuwar da ya shigo da kayan, a sake tara kuɗi a sayo wasu baturan, a miƙa su ga hannun da ya halaka na farko.

Da'awata ita ce, mafi yawan waɗannan batura ba mutuwar Allah da Annabi suka yi ba. Kashe su aka yi, kuma a wurin caji aka kashe su, tun ranar da aka ɗaga bolt ɗin gidan aka bar lissafin cajin yadda yake, ko yadda masana'anta ta aiko shi daga ƙasar da ba ta san zafin Sakkwato ba. Laifin ya rabu tsakanin mai haɗawa da mai sayarwa da mai gida, kuma kason mai gida, wato irin mutanen da ke karanta wannan shafi, ba shi ne ƙarami ba.

Mutanen da suka fi kowa haddace wannan darasi ba masu sola ba ne, masu ƙananan motocin filin golf ne a Amurka. Duk wanda ya je Makka a 'yan shekarun nan ya ga irinsu a Harami suna ɗaukar tsofaffi da marasa ƙarfi. Tsofaffin samfuran wannan mota da bolt 36 suke tafiya, wato batura shida masu bolt 6 a jere, kan wannan a wutsiyar wancan. Idan mai ita ya ga tana nishi a kan tudu, sai ya mayar da ita bolt 48, ya sa batura shida masu bolt 8, ko takwas masu bolt 6. Abu na farko da makaniken kirki zai gaya masa shi ne tsohuwar caja ta tashi daga aiki, sabuwa za a sayo tare da baturan, ba sai an samu sarari ba. Zai hana shi haɗa tsohon batir da sabo. Zai kuma hana shi ɗauko wa fitilu da hon wuta daga batir guda, sai dai a sa musu na'urar rage bolt da ke sha daga jerin baki ɗaya. Kamfanin Trojan, wanda batirinsa T-105 mai bolt 6 ya yi suna a waɗannan motoci, ya buga jadawalin lambobin caji ga duk mai son gani. Can wasan masu hali ne. In batir ya mutu, mutum ya taka da ƙafa zuwa rami na gaba. Nan kuwa abin da ke rataye da batir shi ne firjin da aka ajiye insulin, da na'urar awon jini, da fankar da ke kaɗawa kan jariri. Amma dalma da asid ɗin da ke cikin akwatin ba su sauya hali ba tun da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma ba su san bambanci tsakanin Fulorida da Gawon Nama ba.

A ba bolt 48 haƙƙinsa tukuna, domin shawarar ba ƙarya ba ce. Bolt kamar tsayin tankin ruwa ne, amfiya kuma yawan ruwan da ke gudana cikin bututu. In an ninka wannan da wancan sai a sami wat, wato aikin da ake yi. Gidan da ke jan wat 3,000 a kan bolt 24 yana ɗora wa wayoyinsa amfiya 125. A kan bolt 48, aikin nan guda amfiya 62 da rabi yake nema. Wutar da ke ɓacewa a waya ta zama zafi kuwa, in an raba amfiya biyu, ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu take komawa. Waya ba ta ɗumi, mahaɗa ba ta narkewa, inbata tana tayar da injin ruwa ba tare da ta shiɗe ba. Riba ce ta gaskiya, kuma gidan da kayansa suka haura wat dubu biyu ko uku ya dace ya koma can.

Abin da 48 ba ya bayarwa shi ne ƙarin ajiya. Batura huɗu masu bolt 12 da amfiya-awa 200 suna riƙe da wat-awa 9,600 a takarda, ko an jera su 24 ko an jera su 48. Buhu huɗu na gero buhu huɗu ne, ko a tsaye aka jibge su ko a kwance. Ƙarin da mai gida ya gani ya fito ne daga batura biyun da aka ƙaro, kuma waɗannan ƙarin baki ne masu neman abinci kowace rana. Wanda ya ninka rumbu bai ninka gona ba, ya san abin da zai tarar a ciki.

To ga inda ake aikata kisan. Ruwa ba ya hawa daga gajeren tanki zuwa wanda ya fi shi tsayi. Jerin batura mai suna 48 ba a 48 yake cika ba. In ka auna shi bayan ya huta ka ga 48 daidai, ya riga ya sauka ƙasa da rabi. Cikakke yana nuna wajen 51. Kafin ya kai can kuwa, sai an tura masa abin da ya haura 57, an riƙe shi a nan sa'o'i har amfiyar da yake sha ta ragu da kanta, sannan a sauko da shi wajen 54 ya zauna. Jadawalin Trojan ya ba da 59.3 na cikawa da 54 na zama ga baturansa masu ruwa. Dogayen baturan tubula na Indiya da suka cika kasuwarmu kowanne da lambar da masana'antarsa ta rubuta. Inbatoci da yawa kuwa suna fitowa daga kwali an saita su a kan rufaffen batir, wanda ba a zuba wa ruwa, a 56.4. Wa zai damu da bambancin bolt biyu ko uku? Farantan dalmar da ke cikin akwatin sun damu. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani farin gishiri yana kwanciya a kansu, kuma cikakken caji ne kaɗai ke narkar da shi ya mayar da shi asid. In caji yana tsayawa a kashi tamanin ko casa'in cikin ɗari kullum, ragowar gishirin yana daskarewa ya yi tauri, abin da ya daskare kuma ba ya dawowa. Allon inbata zai ci gaba da nuna cewa batir ya cika, domin bolt kawai yake karantawa, ba ya ganin ciki. Batir mai 200 ya koma 120, ya koma 70, mai gida bai san ana yi ba sai daren da fanka ta tsaya.

Sauya wannan lamba aikin minti biyu ne da maɓallan da ke gaban inbata. Littafin da ya bayyana yadda ake yi yana cikin kwalin, kwalin kuma yara sun yi gidan wasa da shi.

Haka nan yawan amfiyar caji. Ƙa'idar da Trojan ya bayar ga batir mai ruwa ita ce kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari na girmansa, wato amfiya 20 zuwa 26 ga mai 200. Sabuwar inbata mai 48 tana iya tura 60 ko 80 in ba a taka mata birki ba, kuma akwai masu haɗawa da ke alfahari da hakan, wai nasu yana cika batir kafin azahar. Ɗura ce irin wadda ake yi wa jariri: abin ya shiga, amma ba cin abinci ba ne. Batir yana zafi, ruwansa yana tafasa, farantansa suna zubar da jiki. A ɗaya gefen kuma ga yunwa. Rabin ajiyar batura huɗu, wanda shi ne iyakar abin da ya kamata a ɗiba a dare in ana son su daɗe, wat-awa 4,800 ne, kuma mayar da shi yana cin kusan 6,000, domin batirin dalma ba ya mayar da duk abin da aka ba shi. Farantan sola huɗu masu wat 300, a ƙarƙashin ranar da ke gasa su, da ƙurar hunturu a kansu, da ƙyar za su haɗa 5,000 a yini, kuma daga ciki firiza da fankokin rana suke ci. Lissafin ba ya fita. Wutar Kaduna Electric da aka sa ran za ta cike giɓin, in ta zo ta yi awa uku ta tafi, ta tafi ne daidai lokacin da aka shiga matakin cikawa, wanda ba a gaggauta shi. Kuma farantan da aka haɗa wa tsarin 24, waɗanda ke ba da bolt talatin da 'yan kai, ba za su iya tura komai cikin jerin da ke neman 58 ba sai an warware su an sake jera su bibbiyu, an kuma sauya kwantarolar in ba ta san 48 ba. Wannan aiki yana nufin hawa rufin kwano da rana tsaka, shi ya sa ake yawan cewa za a dawo a yi shi.

Mafi muni, kuma mafi yawa, shi ne auren tsoho da sabo. Mai gida yana da batura biyu da suka yi shekara biyu suna aiki, suna da sauran numfashi, zuciyarsa ba ta yarda a yar da su ba. Mai haɗawa ya ce ba komai, Alhaji, a ƙaro biyu kawai. Ya san in ya ce huɗu za a tafi wurin wani. Amma batura a jere ayarin raƙuma ne da aka ɗaure da igiya guda: amfiya ɗaya ce ke ratsa su duka, kuma gurgun cikinsu ne ke yanke nisan zango. Caja ba ta ganin kowane batir, jimilla take gani. Lambar 58 da ke kan allo tana iya zama huɗu ne kowanne a 14.5, tana kuma iya zama biyu suna tafasa a 15.5 biyu suna yunwa a 13.5. Allon ba zai bambanta ba. Tsofaffin, da yake cikinsu ya ƙanƙance, su ke fara nuna sun cika, caja ta yarda da su ta sassauta, sababbin su kwana ba su ƙoshi ba. Da dare kuma tsofaffin ne ke fara ƙarewa, inbata ta kashe kanta alhali sababbin suna da sauran wuta. Cikin 'yan watanni sababbin sun bi sahun tsofaffin. An tsimi kuɗin batura biyu, an yi asarar huɗu.

Ƙanwar wannan ita ce 'yar wayar nan da ake laƙa wa batir guda don a ba fankar bolt 12 ko na'urar intanet wuta. Batirin da aka laƙa wa yana sauka fiye da 'yan'uwansa kowane dare, ba ya kuma cika tare da su kowace rana. Na'urar rage bolt da za ta hana wannan ba ta kai kuɗin kwata ɗin batir guda ba.

Sai zafi, wanda shi ne ya bambanta Sakkwato da kusan duk inda aka rubuta waɗannan littattafai. Dukkan lambobin da na ambata an auna su ne a digiri 25. A watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa a nan yana haura 40, kuma ɗakin ajiya mai rufin kwano marar taga, inda aka saba tura batura don kada su ɓata falo, ya fi haka. Ƙa'idar da masu ƙera batir suka yarda da ita ita ce, kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu. Wannan kaɗai ya isa ya sa wanda aka ce zai yi shekara biyar ya yi biyu da rabi, ko da ba a yi masa wani laifi ba. Amma akwai ƙari: batir mai zafi yana bukatar ƙarancin bolt wajen caji. Trojan ya ce a rage 0.005 ga kowane ɗaki a kan kowane digiri da ya haura 25. Jerin 48 yana da ɗakuna 24. A digiri 40, ragin ya kama 1.8, wato 59.3 ya koma 57.5. Da asubar hunturu kuwa, in sanyi ya sauko 15, ƙari ake yi, ba ragi ba. Ashe lambar da ta dace da Disamba tana dafa batir a Afrilu, wadda ta dace da Afrilu tana barin shi da yunwa a Disamba. Kwantaroli masu kyau suna da 'yar waya mai jin zafi da ake manna wa jikin batir, tana wannan gyara da kanta. Inda babu ita, sai hannu ya yi aikin sau biyu a shekara. A tambayi kowane gida a Sama Road yaushe rabon da wani ya taɓa waɗannan lambobi tun ranar da aka kunna inbata.

Tafasar nan kuma ba ruwa kawai take cinyewa ba. Iskar haidirojin take fitarwa, wadda ke kama wuta in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki. Rufaffen sito, batura huɗu suna tafasa, ga inbata a samansu da mahaɗar da ta saki tana tartsatsi: wannan ba wurin da za a aiki yaro ya ɗauko tabarma ba ne. In ruwa ya ja baya, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba fiya wata ba, ba ruwan burtsatse ba, ba kuma asid ba, duk da akwai masu gyara da ke zuba asid su ce sun farfaɗo da shi.

Na san abin da za a ce: duk wannan tarihi ne, yanzu zamanin litiyam ne. Gaskiya ne litiyam ya fi jure zurfin ɗiba, ba ya neman ruwa, ba ya daskarewa don an bar shi bai cika ba, kuma yana da ƙwaƙwalwar da ke yanke wuta in an wuce gona da iri. Ga mai hali, shi ne zaɓin da ya fi. Amma hannun da bai saita wa dalma lamba ba, ba zai saita wa litiyam ba. A kasuwa akwai akwatuna iri biyu da duk ake kira 48: mai ɗakuna 16, wanda ainihinsa 51.2 ne kuma iyakar cajinsa 58.4, da mai ɗakuna 15, wanda ainihinsa 48 ne kuma iyakarsa ba ta kai 55 ba. A tura wa na biyun lambar na farkon, kowane ɗaki ya sha kusan 3.9 alhali iyakarsa 3.65. Ƙwaƙwalwar za ta yanke, ta cece shi yau, ta cece shi gobe, amma an ƙera ta ne don ranar haɗari, ba don ta zama birkin kullum ba. Akwai kuma wani caji mai tsanani da ake yi wa batir mai ruwa jefi-jefi don daidaita ɗakunansa, wanda a jadawalin Trojan ya kai 64.8, in an sauya zuwa litiyam aka manta ba a kashe shi a inbata ba, an bar wa batirin miliyoyi tarko. Zafi ma bai ƙyale litiyam ba, yana tsufar da shi kamar yadda yake tsufar da kowa.

Za a kuma ce akwai jabun batura, masu lambar 200 a jiki da dalmar 120 a ciki. Akwai su, ba na musu. Sai dai wannan hujja ta zama bargon da kowa ke shiga. Mai haɗawa ya ce batir ne jabu. Mai sayarwa ya ce garanti ba ya hawa kan batirin da aka yi wa mugun caji, kuma sau da yawa yana da gaskiya, amma bai taɓa ba mai saye takardar da ta faɗi menene caji na gari ba. Tsakanin su biyun babu wanda ya auna komai, babu wanda ya rubuta komai, don haka babu wanda za a kama. Jabun batir ana gane shi a makon farko: a cika shi, a ɗora masa kayan da aka san nauyinsu, a duba agogo. Wanda ya yi aiki lafiya wata shida sannan ya soma ja da baya, da wuya a ce daga masana'anta ya zo da cutarsa.

Ban ɗora wa masu haɗa sola laifin jahilci ba. Yawancinsu samari ne da suka koyi wayarin gida a hannun ubangida, sana'ar sola ta faɗo musu da rana tsaka, suka kama ta da hannu bibbiyu domin ita ce ke kawo abinci. Laifin da nake ɗora musu shi ne na karɓar sunan injiniya da ladan injiniya, sannan su ƙi karanta shafi biyu. Mai gida kuwa laifinsa ya fi ba ni haushi, domin shi yana da ilimin. Akawun da ba zai sa hannu kan takardar naira dubu hamsin ba sai ya bi ta layi-layi, shi ne ke miƙa miliyoyi ya ce wa yaro ya haɗa kawai, shi bai san kan wuta ba. Likitan da ba zai rubuta magani ba sai ya san nauyin majiyyaci, bai taɓa tambayar bolt nawa ake ba batirinsa ba. Kuma shi ne ya zauna ya yi ta ciniki har aka cire farantai biyu da kwantarola mai kyau daga lissafin, ya tashi yana murna ya yi arha. Akwai wani girman kai a cikin masu boko na ƙasar nan, na ganin cewa abin da ake yi da sukuddireba ba darajarsu ba ne su fahimce shi. Lissafin da ke cikin wannan al'amari bai wuce na aji biyu na sakandare ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne garin da yake faruwa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato tana Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982, kuma hasken rana shi ne babban aikinta. A wannan jami'ar ce, a watan Afrilun 2021, hukumar NADDC ta buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da sola ta farko a Nijeriya, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya yi suna a General Motors da zanen motar Chevrolet Volt. Garin da ya iya cajin mota da rana bai kamata ya gaza cajin batirin fanka ba. Ban ga abin da zai hana cibiyar nan, ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, fitar da takarda guda da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da lambobin caji na bazara da na hunturu ga irin baturan da ke kasuwar gari, a manna ta a kowane shagon sola ba. Ban ga abin da zai hana a kafa teburin gwaji inda mutum zai kai batir a auna masa ainihin girmansa a ba shi shaida a rubuce ba. Wannan kaɗai zai raba gardamar jabu da mugun caji. Hukumar NEMSA tana ba masu aikin wuta takardar shaidar ƙwarewa, amma takarda ba ta da amfani in masu gida ba sa neman ganinta. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba kowa haƙƙin samun bayanin abin da ya saya cikin harshen da zai fahimta, lauyoyinmu sun fi ni sanin haka. Kekunan lantarki masu ƙafa uku kuma sun fara shigowa arewa, kuma ranar da suka yawaita, ɗan keken da ya ci bashi ya sayi batir ne zai gaji wannan sakaci, shi kuwa ba shi da albashin da zai sake saye.

Batirin da ya mutu a shekara guda maimakon huɗu ba aljihu kawai yake taɓawa ba. Dogon batirin tubula ya haura kilo 50, kuma kaso mai yawa na nauyin nan dalma ce. 'Yan gwangwan suna sayensa da daraja, kuma a wurare da yawa hanyar da ake bi da shi ita ce a tuntsurar da asid a ƙasa, a fasa akwatin da gatari, a narka farantan a fili. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu menene gubar dalma. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabciyarmu. Waccan daga dutsen zinariya ta fito. Wadda ta fito daga batir kuwa an gan ta a Thiaroye-sur-Mer, a gefen Dakar, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 a unguwar da ake fasa tsofaffin batura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, amma kowane jeri huɗu da aka kashe kafin lokacinsa yana ninka abin da ke isa hannun mai gatari, kuma ba 'ya'yan masu gidajen Sama Road ne ke wasa a inda ake fasawa ba.

Ga wanda ke shirin ɗaga gidansa zuwa 48, ko ya riga ya ɗaga, abin da nake nema bai da yawa. Kada a biya cikon kuɗin aiki sai mai haɗawa ya rubuta a takarda, ya sa hannu, bolt ɗin cikawa da na zama da iyakar amfiyar caji da ya saita, ya ajiye takardar masana'antar batirin kusa da su a ga sun dace, ya kuma faɗi abin da za a mayar da su in bazara ta shigo. Baturan su zama sa'o'in juna, iri ɗaya, zubi ɗaya; tsofaffin a ba su wani ƙaramin aiki dabam. A fitar da su daga sito zuwa inda iska ke ratsawa. Sannan a sayi 'yar mitar awon bolt, wadda ba ta kai kuɗin cika tankin mota ba, a auna kowane batir shi kaɗai sau ɗaya a wata, da rana lokacin da caji ya kai ƙololuwa, da kuma asuba kafin rana ta fito. Lambobi huɗu ne, a rubuta su a bangon ɗakin da kwanan wata. In tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa ta kai rabin bolt, a kira mai haɗawa a ranar, tun garanti yana da rai.